Ba Korata Aka Yi Daga Ofis Ba

Ran sunan jikata ta wajen Rabi, ina zaune a ƙofar gida ana ta shigowa barka, na ji ɗaya daga cikinku yana ba wani baƙo labarina. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. Ya ce wai Baba da akawu ne a kamfanin Turawa, sai aiki ya lalace, shi ne ya koma lambu. Ban ce komai ba a ranar, saboda taro ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na gane haka kuka taso kuna ji a bakin mutanen Nima, ni kuwa ban taɓa zaunar da ku na gyara ba. To, yau zan gyara. Ba korata aka yi ba, aiki bai lalace ba, ba a kuma kama ni da komai ba. Da ƙafata na fita, ana roƙona in zauna.

Sai kun san kakanku kafin ku gane nauyin abin. Alhaji Garba mai goro ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano yana saurayi, ya biyo fatake zuwa Gwanja, ya ɗan zauna Kumasi, daga baya ya gangaro nan Ankara, babban birnin Gana, bakin teku. A Zongo Lane aka haife ni, a ɗakin haya kusa da kasuwa. Da ciniki ya buɗe masa ya yi gida a Nima, lokacin unguwar ba ta wuce gidajen laka masu rufin kwano ba, da awaki, da kwatami a kowane lungu. Yayana Lawal ya bi shi sana'ar goro. Ni kuwa, Sani, sai ya ɗauke ni ya kai ni makarantar boko, a zamanin da mutanen Zongo ba sa yi. Da safe boko, da yamma allo. Malamai suka riƙa zuwa zaurensa suna ce masa zai mai da ɗansa Kirista, har akwai wanda ya daina karɓar goro daga hannunsa. Bai janye ba. Ya ce ya gaji da yawo da takarda a aljihu yana neman mai karanta masa. Da na gama na sami aiki a siton wani kamfanin Turawa kusa da bakin ruwa, sai unguwa ta sa mini suna Kiraci, yadda mutanen ƙasar nan ke kiran akawu. Shi kansa Baba, mahaifina, in yana cikin raha, haka yake kirana.

Na daɗe a wannan aiki. Kullum da safe in sa farar riga mai guga, da gajeren wando, da doguwar safa, in hau keke in gangara gari. Mata masu koko suna gaishe ni, dattawa suna ɗaga mini hannu daga kan benci, duk wanda ya sami sammaci ko takardar asibiti ƙofarmu yake zuwa. Ina jin daɗin wannan ƙwarai. In na isa sito kuwa, sai in zauna a ƙarƙashin fanka, kaya su shigo in rubuta, kaya su fita in rubuta, idona na kan taga ina jiran rana ta karkata. Ban taɓa yin kuskuren da aka tsawata mini ba, ban kuma taɓa tashi daga teburin nan ina jin na yi wani abu ba. In aka tambaye ni yaya aiki, sai in ce alhamdu lillahi, ina jin daɗinsa. Ba ƙarya nake nufin yi ba. Ni kaina na ɗauka haka ne, domin ban taɓa raba daɗin gaisuwar hanya da daɗin aikin ba.

A bayan ɗakinmu, cikin gidan Baba, akwai wani ɗan lungu da rana ke shiga. Tun farkon aurena da mahaifiyarku Azumi na fara jera gwangwanaye a wurin, ina shuka tumatir da barkono da yakuwa. In wani ya yi dariya sai in ce na miyar Azumi ne. Ran Lahadi kuma, da ba aiki, nakan ce zan je sayo ganye, in nufi rafin da ke bayan Maamobi ta wajen Kotobabi, inda mutanen arewa ke yin lambu. Akwai wani Salifu a can, mutumin wajen Bawku, ya ɗan girme ni, yana noman latas da kabeji da karas yana sayar wa kukun Turawa da na Kwara, wato ƴan Labanan, da matan kasuwa. Farko tsayawa nake ina kallo. Daga baya na fara rataye rigata a reshen bishiya in karɓi bokitin ban ruwa. Sayen ganyen da bai kamata ya wuce ɗan lokaci ba sai ya cinye wuni, in dawo gida da la'asar ƙafafuna duk laka, bayana na ciwo, ina waƙa. Duk da haka, da a lokacin wani ya ce mini lambu nake so, da na ji haushi. A wurinmu ƴaƴan Zongo haifaffun gari, lambu aikin baƙo ne, wanda ya sauka jiya da tabarmarsa bai san kowa ba.

Bayan samun mulkin kai da ƴan shekaru aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Tema, kamfanoni suka fara kwashe kayansu zuwa can. Wata rana manaja ya kira ni ya ce ni za a ba babban siton da suka gina, da mutane a ƙarƙashina, da gida na kamfani mai lantarki da famfo a ciki. Na yi godiya. Da na fito daga ofishinsa sai na ji kamar an yi mini albishir da rasuwa. Na ce wa kaina mamaki ne. A gida kuwa murna ta ɓarke. Baba ya sa aka yi sadakar masa, ya aika har gidajen malaman nan da suka zage shi. Azumi ta rasa inda za ta sa kanta. Ku da kuka saba da famfo yanzu ba za ku gane ba. Mace a Nima a wancan lokaci rabin safiyarta a layin ruwa take ƙarewa, da garwa a ka, ga Rabi a baya, ga kuma cikin Habibu ya fara nauyi.

Sati ya zagayo abinci ba ya shiga mini. Ran Asabar da rana ina tsugune a lungun nan ina cire wa tumatir busassun ganye, Azumi na zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta yi magana.

"Baban Rabi, in tambaye ka mana."

Na ce ina ji.

"Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ka ba ni labarin ofis ba. Ban san ko sunan mutum ɗaya da kuke aiki tare ba. Amma na san ranar da kabejin Salifu ya yi tsutsa, na san ranar da ya warke."

Na yi dariya na ce ai aikin ofis ba shi da labari.

"To. Tun ranar da aka ce za mu Tema fuskarka ta zama ta mai zaman makoki. Mutane na shigowa barka, kai kana kallon ƙasa. Ni fa ina son gidan can, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zan bi mutum zuwa wani gari in zauna da gangar jikinsa ba. Me kake so?"

Na ce babu abin da nake so sai abin da Allah ya ba ni. Ta ajiye faifan.

"Wannan amsar ta masallaci ce. Ni ba liman ba ce."

Na sa takalmi na fita, na bi hanya ba tare da na san inda za ni ba, har na tsinci kaina a kan tudun da ake hango lambunan bakin rafi. Na zauna a kan wani dutse na yi wa kaina tambayar da ban taɓa yarda na yi ba. Na ce, Sani, a ce gobe a cire farar rigar nan, a cire keken, kowa ya daina kiranka Kiraci, a bar maka teburin kawai da fanka, za ka je? Zuciyata ba ta yi jinkiri ba, ta ce ko kusa. Na ce to lambun fa, a ce ba mai biyanka, ba mai gode maka, mutane na dariya? Nan na ji kunyar kaina, domin ai haka nake zuwa tun tuni, ba biya ba godiya, har da ƙaryar sayen ganye don in sami hanya. Na ga ashe abin da nake so a fili yake, Azumi ta gani, Salifu ya gani, ni kaɗai na ƙi kallo saboda ba shi da kwarjini. Na kuma ga in na tafi Tema shi ke nan, zan tsufa ina kallon taga. Kafin in tashi daga dutsen nan na gama yanke shawara, kuma daga ranar ban sake komawa baya a zuciyata ba.

Na koma gida na gaya wa Azumi. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin zane.

"Na ɗauka cewa za ka yi mu zauna a tsohon aikin, ka riƙa zuwa lambun ran Lahadi."

Na ce na yi wannan tunanin, amma na gaji da rayuwar kwana ɗaya a sati.

"Da na san nan maganar za ta kai, da wataƙila na yi shiru da bakina." Ta ja numfashi. "Amma ni na tambaya. Je ka gaya wa Baba da kanka, kada ya ji a waje."

Na sami Baba da hantsi a zaure, yana zaune a tsakanin huhunan goro yana ware masu tabo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni ban yi kwana-kwana ba. Hannunsa ya tsaya a cikin kwando.

"Sata ka yi?"

"A'a, Baba."

"Wani ya yi maka sharri a wurin Bature?"

"Babu. Har yanzu jirana suke."

"To me ya faru?"

"Ba na son aikin, Baba. Ban taɓa son sa ba. Noma nake so."

Ya daɗe yana kallona kamar bai san ni ba.

"So? Ka ji na taɓa ce maka ina son goro? Ni fartanya na gudo wa. Na ga ubana ya mutu bayansa a tanƙware, bai bar mana komai ba sai rumbu babu hatsi. Na tako da ƙafa tun daga Kano don kada jinina ya sake sunkuyawa ƙasa. Na sha zagi a masallacin unguwar nan saboda kai. Jiya-jiya na aika musu da masa. Yau kake so in fita in ce musu me?"

Ba ni da abin da zan ce da zai rage masa wannan zafi, don duk gaskiya ya faɗa. Na ce ya gafarce ni, karatun da ya ba ni ba zai tafi a banza ba, kuma duk takardar da ta shigo gidan nan ni zan karanta har in mutu. Amma zuwa Tema, ba zan je ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai tsine mini ba, bai kore ni daga gida ba. Abin da ya yi ya fi wannan wuya. In na gaishe shi da safe sai ya ce lafiya, ya kau da kai. Sunana ya bar bakinsa, na yanka da na raha duka.

Manaja ma bai gane ba. Ya zaci wani kamfani ne ya janye ni, ya yi ta ƙara mini alkawari. Da ya ji lambu ne sai ya yi dariya, ya ce in je in huta, in hankalina ya dawo wurina na nan. Kafin sati ya ƙare labari ya cika Nima da Maamobi, kowa da irin nasa. Wasu suka ce kaya suka ɓace a sito, wasu suka ce asiri aka yi mini don hassada, wata tsohuwa har rubutun sha ta aiko mini. Babu wanda ya yarda mutum mai hankali zai bar fanka ya shiga rana don kansa. Daga nan labarin da kuka gada ya samo asali.

Na je wurin Salifu na ce ya yanka mini wuri a gefen nasa. Hausarsa irin ta Zongo ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kiraci, na Lahadi wasa ne kana yi. Na kullum, shi ba wasa ba. Matanka ya yarda?"

Na ce ta sani.

"Ban ce ya sani ba. Na ce ya yarda?"

Na ce tana ƙoƙari. Ya girgiza kai, ya kai ni wurin wani dattijon ƙabilar Ga, ƴan asalin garin, da ke da ikon filin, muka yi gaisuwa yadda ake yi, aka nuna mini wani yanki kusa da ruwa, duk ciyawa da fasassun kwalabe.

Salifu bai yi ƙarya ba. Watannin farko hannuwana suka yi bororo suka fashe, suka sake yi. Ban ruwa safe da yamma, daga rafi zuwa fangali, bokiti biyu a hannu, har kafaɗuna suka daina jin nasu ne. Nakan je barikin dawaki in roƙi taki, in turo shi a buhu a kan keken nan da na saba hawa da farar riga. Irin latas na farko da na yayyafa rana ta ƙone shi, saboda ban yi masa rumfa ba. A gida kuwa tukunya ta fara sauƙi. Azumi, da cikinta, ta kafa murhu a bakin titi tana sayar da koko da ƙosai, ita da aka gama yi wa barka za ta zama matar babban akawu. Danginta suka ce ta dawo gida har in warke. Ta ce musu mijinta lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne kawai, kuma tun kafin aure ta san da shi. Ku riƙe wannan, domin ni na zaɓa, amma ita ta fi ni biya. Ba ta ga famfo a cikin gidanta ba sai da Rabi ta isa aure, kuma ba ta fasa tuna mini ba in ranta ya ɓaci.

Sai da abin ya fara kyau, kabeji ya fara naɗe kai, latas ya yi kore shar, sannan ruwan tsakiyar shekara ya sauko. Kun san ruwan Ankara in ya tashi. Ya wuni yana zuba, rafin ya cika ya haura, ya kwaso duk sharar Nima ya bi ta kan lambuna. Nawa ne mafi kusa da ruwa. Da na je washegari ban gane wurin ba. Babu fangali ko ɗaya, sai laka da tsummoki da gwangwanaye, da wani mataccen zakara a inda na dasa karas. Ina tsaye a ciki har ƙwauri sai ga Lawal, ya tattare babbar rigarsa yana tsallake taɓo. Ya tsaya daga tudu.

"Sani, ka gani dai. Allah ya nuna maka. Na je wurin Baturenku jiya, ya ce har yanzu bai sa kowa ba. Zo mu je gida ka yi wanka, mu je ka ba Baba haƙuri, a rufe maganar nan."

Na san da izinin Baba ya zo, ko da bai faɗa ba. Na kuma san wannan ce ƙofa ta ƙarshe. Na sake yi wa kaina tambayar nan, domin mai yiwuwa lambun da nake so shi ne mai kore, na ranar Lahadi. Ga shi yanzu babu kore, sai wari. Na duba zuciyata da gaske, na tarar da baƙin ciki, na tarar da tsoron abin da zan gaya wa Azumi. Amma tun kafin Lawal ya iso, idona ya riga ya fara auna inda ruwan ya shigo, da inda zan haƙa masa hanya, da yadda zan ɗaga fangalin ya fi na da tsawo. Hannuna ƙaiƙayi yake in fara. A sito ko ranar da komai ya tafi daidai ban taɓa jin haka ba.

"Yaya, na gode. Ka ce wa Bature ya sa wani."

"Kai wane irin mutum ne?"

"Yanzu na sani. Da ne ban sani ba."

Ya juya ya tafi. Na ari cebur a wurin Salifu, wanda shi ma rabin nasa ya tafi, muka fara kwashe laka.

Ba zan ce muku kakanku ya sauko daga ra'ayinsa ba. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa taka lambuna ba, bai kuma taɓa cewa na yi daidai ba. Abin da na samu daga gare shi kaɗan ne, ga shi.

Bayan ambaliyar da wasu watanni na fara fitar da kaya sosai, ina kai wa matan kasuwa da kaina. Hanyar kasuwa daga rafi ta ƙofar gidanmu ta bi, inda Baba ke zama da abokansa bayan sun karya. Ni kuwa kullum sai in zagaya ta lungun bayan masallaci da kwando a ka, ina ce wa kaina don kada in kunyata shi ne. Wata safiya na iso mararrabar na tsaya. Na ga ba don shi kaɗai nake zagayen ba, har da ni, akwai sauran Kiraci a cikina da ba ya son a gan shi da kaya a ka. Na ce wanda ya zaɓi abu bai kamata ya riƙa ɓoye shi a lungu ba. Na miƙe ta babbar hanya.

Suna zaune su da yawa a kan tabarma, har da malamin nan da ya taɓa ƙin goron Baba. Hira ta yanke. Na zo daidai gabansu da tsohuwar riga, ƙafafuna da busasshiyar laka, ruwan latas na ɗiga mini a wuya. Na rage tsawo yadda kwandon ya bari, na yi sallama, na ce, "Baba, ina kwana."

Kowa ya juya yana kallonsa. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuwana, ya dubi kwandon, ya daɗe a kan kwandon. Ban san abin da ya gani a ciki ba. Sannan ya dube ni a ido, abin da ya yi wata da watanni bai yi ba.

"Sani," ya ce. "Sannu da aiki."

"Yauwa, Baba."

Na miƙe, na gyara gammo, na wuce kasuwa da sauri, don latas ba ya jure rana.